A Doke Ka, A Hana Ka Kuka: Gawawwakin Kwarin Rima Da Bakunan Da Ake Toshewa

Ranar Juma'a 8 ga Nuwamba, 2024, ana haramar tafiya masallaci, labari ya iso garin Mera da ke ƙaramar hukumar Augie cewa Lakurawa sun kore shanun gari. Maza suka bi sawu da abin da hannunsu ya samu. Lakurawan kuwa da bindigogin yaƙi suke yawo. Da ƙura ta lafa, gawa 15 aka kwaso, kamar yadda rundunar 'yan sandan Jihar Kebbi ta tabbatar. A wajen jana'iza an ga mataimakin gwamna, Umar Abubakar Tafida, an ga Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammadu Mera.

Mazaunin birni zai iya cewa wace irin wauta ce za ta sa mutum ya tunkari mai bindiga saboda saniya. Wanda ya san fadamar Rima ba zai yi wannan tambaya ba. A wajen manomin shinkafa na Augie ko Argungu, shanun huɗa biyu su ne asusunsa na banki. Da su yake huɗa, da su yake jan amalanke ya kwaso shinkafa daga fadama. In lokacin noman rani ya zo, bijimi guda zai kai kasuwa ya sayi man injin ban-ruwa da taki da maganin feshi. In 'yarsa ta isa aure, ko matarsa ta kwanta asibiti, garken nan dai za a duba. Ranar da aka kore masa shanu an kore noman bana da na baɗi, an bar shi da bashi. Shi ya sa mutanen Mera suka fita, ba don ba su san abin da ke jiransu a daji ba.

Kwana ɗaya kafin wannan, hedikwatar tsaro a Abuja, ta bakin Manjo Janar Edward Buba, ta sanar da ƙasa cewa wata sabuwar ƙungiyar ta'adda, wato Lakurawa, ta ɓulla a Arewa maso Yamma. Kalmar "sabuwa" ta ba mutanen iyaka mamaki, don su sun daɗe da sanin waɗannan baƙi. Tun wajen 2018 ake maganarsu a Tangaza da Gudu ta Jihar Sakkwato, inda masu bincike irin su Dakta Murtala Ahmed Rufa'i na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suka nuna cewa da farko wasu shugabannin al'umma ne suka yi maraba da su don su taya su korar ɓarayin shanu. A wancan lokacin da jama'a suka yi kuka, 'yan sandan Sakkwato cewa suka yi makiyaya ne da ke ƙetarowa neman ruwa da ciyawa. Makiyayan nan su ne suka koma karɓar zakkar dole a kan dabbobi, suna yi wa matasa bulala kan jin kiɗa, suna yanke hukunci a ƙauyuka kamar su ne hukuma. Sai a Janairun 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana su 'yan ta'adda. Tsakanin kukan farko da wannan hukunci, shekara shida da ɗoriya.

Abin da ke biyo bayan kowane hari ya zama kamar karatun da aka haddace. Jiniya za ta shigo gari, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar fada, a yi addu'a, a sauke buhunan abinci, a yi alƙawarin cewa wannan ne na ƙarshe. Dattijon gari zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun gode, Allah ya saka da alheri," don haka tarbiyya ta koya masa, kuma don ya san wanda ke tsaye a bayan baƙon da bindiga. Maganar da ke cikinsa sai motoci sun ɓace za ta fito. Wannan magana ta biyu ita ce ba a son ji, kuma a 'yan shekarun nan duk wanda ya ɗauke ta da waya ya watsa, shi ake fara nema.

Daga sama ma ba a tsira ba

Silame ƙaramar hukuma ce ta Jihar Sakkwato, amma kafaɗa da kafaɗa take da Augie, kogi ɗaya suke sha, kasuwanni ɗaya suke ci. Ranar 25 ga Disamba, 2024, mako bakwai ba su cika ba da harin Mera, jiragen yaƙin Najeriya da ke farautar Lakurawa suka saki bam a ƙauyukan Gidan Bisa da Runtuwa. Mutanen gari suka ce 'yan'uwansu aka kashe, da dabbobinsu, aka ƙone rumbuna. Gwamna Ahmed Aliyu ya je aka yi jana'iza da shi, aka ce mutum goma ne suka rasu.

Martanin sojoji na farko shi ne sun tabbatar wuraren da suka kai wa hari na da alaƙa da Lakurawa. Daga baya hedikwatar tsaro ta ce ba bam ɗin jirgi ne ya kashe mutanen kai tsaye ba, makaman da 'yan ta'addan suka ɓoye ne suka tarwatse. Sai da aka kusa shekara, a Disamban 2025, rundunar sojin sama ta je Sakkwato ta amsa cewa bincikenta ya gano fararen hula 13 ne suka mutu bisa kuskure, takwas suka ji rauni, ta kuma biya diyya. A yaba mata, don ba kullum ake ganin haka ba. Amma a tuna da shekarar da iyalan nan suka yi suna jin ana danganta mamatansu da 'yan ta'adda. Rashin ɗa ciwo ne, ɓata sunansa bayan ya mutu wani ciwon ne daban.

Ba a Silame aka fara ba. Ranar 3 ga Disamba, 2023, jirgi maras matuƙi na sojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi a Tudun Biri ta Jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, Amnesty International ta ce sun kai 120. Kafin nan akwai Rann a Borno cikin Janairun 2017, inda aka jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira. Bayan Silame da mako biyu da 'yan kwanaki, aka sake yi a Tungar Kara ta Zamfara, aka kashe 'yan sa-kai da mutanen gari da suka fito korar ɓarayi. Kamfanin bincike na SBM Intelligence da ke Legas ya ƙiyasta fararen hula kimanin 400 ne irin waɗannan hare-hare suka ci tun daga 2017. A watan Mayun 2024 an ce jami'ai biyu za su gurfana gaban kotun soja kan Tudun Biri.

Sai kuma ga wani sabon salo. Ranar 25 ga Disamba, 2025, shekara guda cif da Silame, Amurka ta harba makamai masu linzami cikin Jihar Sakkwato. Shugaba Donald Trump ya ce mayaƙan ISIS masu kashe Kiristoci ya kai wa hari. Ministan harkokin waje, Yusuf Tuggar, ya ce da haɗin kan Najeriya aka yi, kuma ba maganar wani addini ba ce. Gwamnatin tarayya ta ce dajin Bauni da ke Tangaza aka nufa, amma ɓaraguzai sun faɗo a Jabo ta ƙaramar hukumar Tambuwal, har da Offa can Jihar Kwara. Allah ya kiyaye ba a rasa rai a Jabo ba. Mutanen garin da suka ga sama ta yi ja cikin dare ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, kuma labarin abin da ya faɗo musu a gona daga Amurka ya fara fitowa kafin su ji daga tasu gwamnatin.

Tsohuwar rigima ce, ta ƙidayar gawa

Wannan ja-in-ja kan adadin mamata ba yau ta fara ba a ƙasar nan. Ruwan da ke bi ta gaban Argungu ya gangara Birnin Kebbi, wani sashensa ta madatsar Bakolori ya ratso, kusa da Talatar Mafara. Kamfanin Impresit na Italiya ne ya gina madatsar, aka gama a 1978. Manoman da aka tasa daga gonakinsu suka yi ta jiran diyya da filayen da aka yi musu alƙawari, da jira ya ƙi ƙarewa suka datse hanyoyin shiga wurin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ba su kai talatin ba. Masu bincike da masu adawa suka ce sun haura 380.

A lokacin babu Jihar Kebbi, sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka yanke ta. Birnin Kebbi da Argungu da Talatar Mafara duk Jihar Sakkwato ce, gwamnanta kuma Shehu Kangiwa, ɗan ƙasar Arewa ta masarautar Argungu. Shugaban ƙasa Shehu Shagari, shi ma ɗan jihar. Wato ba wani baƙo daga nesa ne ke mulki ba ranar da aka buɗe wa manoman wuta. Wannan darasi ne da mu 'yan Arewa ba mu cika son a tuna mana ba, don mun fi jin daɗin fushi in mai laifin ba namu ba ne. Daga 2015 zuwa 2023 ɗan Daura ne a Aso Rock, kuma a shekarun ne dajin Zamfara ya tumbatsa ya malalo kudancin Kebbi.

Wanda ya faɗa shi ne mai laifi

A duba watan Nuwamban 2024 kaɗai. Ranar 1 ga wata, mako guda kafin Mera, aka gurfanar da mutum 76 a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja kan zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta. Cikinsu akwai yara kusan talatin, akasari daga Kano da Kaduna, sun shafe wata uku a tsare, ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Huɗu suka yanke jiki suka faɗi a gaban alƙali. Aka sa belin kowane naira miliyan goma. Sai da hotunan yaran, duk sun rame, suka zagaya duniya, Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin a sake su ranar 4 ga wata. Kafin watan ya ƙare Amnesty ta fitar da rahoto cewa 'yan sanda sun kashe aƙalla mutum 24 a zanga-zangar, a Kano da Katsina da Jigawa da Kaduna da Neja da Borno. 'Yan sanda suka ƙaryata.

A cikin watan nan dai aka kama Hamdiyya Sidi Sharif, yarinya 'yar shekara 18 a Sakkwato, bayan wani bidiyo da ta soki gwamnatin jihar kan kashe-kashen 'yan bindiga da halin da matan da suka yi gudun hijira ke ciki. Aka tuhume ta da zagi da tunzura jama'a. 'Yan sanda suka ce ba don sukar gwamna aka kama ta ba, don tunzurawa ne. Amnesty ta ce ranar 13 ga Nuwamba wasu mutane ɗauke da makamai sun sace ta, suka yi mata dukan kawo wuƙa, suka wurgo ta daga Keke Napep tana tafiya. Ana iya yin jayayya kan lafazin da ta yi amfani da shi, ƙuruciya ba ta rasa zafin baki. Abin da ba a iya jayayya a kansa shi ne matan da ta yi magana a kansu suna nan, a kangaye da makarantun da suka fake.

Na Kebbi ya zo a farkon Satumban 2025. Wani ɗan jarida, Hassan Mai-Waya Kangiwa, ya saki bidiyon babban asibitin Kangiwa, hedikwatar ƙaramar hukumar Arewa. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai shi ne wani tsoho maras lafiya kwance a kan tsurar ƙarfen gado, ba katifa, ba shimfiɗa. Rahotanni suka ce cikin dare jami'an tsaro suka je gidansa suka tafi da shi, suka karɓe wayoyinsa. Masu kare haƙƙin ɗan Adam da 'yan adawa suka yi ca. A cikin kwanakin nan kuma gwamnatin Kebbi ta dakatar da kwamishinan lafiya bisa sakaci da aiki.

A nan lissafin ya ƙi fita. In abin da bidiyon ya nuna ƙarya ne, laifin me kwamishina ya yi? In gaskiya ne, laifin me ɗan jarida ya yi? Kuma wannan ba asibitin ko'ina ba ne. Arewa na daga cikin ƙananan hukumomin da Lakurawa suka fi addaba. A watan Maris na shekarar, bayan jami'an tsaro sun kashe wani jagoransu da ake kira Maigemu, sun dawo ramuwa a Birnin Dede da ƙauyukan kewaye, suka kashe mutum fiye da goma, suka cinna wa gidaje wuta. Yankin da ake harbin mutane haka, gadon asibitinsa maganar tsaro ce, ba ta lafiya kaɗai ba. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a gidajen gwamnatinmu duk wanda ya ce gyara, an ɗauka ɗan adawa ne ya aiko shi.

Illar irin wannan kame ba a kan wanda aka kama take tsayawa ba. Shi yana da suna, za a yi masa kururuwa a Facebook, lauya zai fito. Wanda ake yi wa hannunka-mai-sanda shi ne malamin firamare a ƙauye da ya ga baƙin babura sun ratsa da yamma, da ma'aikaciyar jinya da ta san allurai sun ƙare, da mai unguwar da ya san wa ke kai wa 'yan daji fetur. Kowannensu zai auna ya ga shiru ya fi masa sauƙi. Su kuma jami'an tsaro kullum kiransu ga jama'a shi ne a taimaka da bayanai.

Fushi mai bin kujera

Ranar 1 ga Satumba, 2025, kwanaki kaɗan kafin maganar Kangiwa, 'yan bangar siyasa suka tare ayarin motocin Abubakar Malami a cikin Birnin Kebbi yana dawowa daga ta'aziyya. Aka farfasa motoci, aka ji wa magoya bayansa rauni. Malami, wanda ya bar APC ya koma ADC a watan Yuli, ya ce siyasa ce, ya nuna yatsa ga jam'iyya mai mulki. APC ta ce ba ruwanta. Daga nan ya rubuta wa hukumomin tsaro na tarayya takardar ƙorafi yana zargin ana shigo da 'yan ta'adda jihar don murƙushe adawa, gwamnatin jiha ta ce ƙage ne, wasu 'yan majalisa suka nemi a kama shi.

Jifan ɗan adawa laifi ne, ko wane ne shi, kuma ya kamata a ce an ga waɗanda suka yi a gaban alƙali. Sai dai mutanen Kebbi ba su da mantuwa haka. Ranar 3 ga Yuni, 2021, 'yan bindiga suka bi ƙauyukan Danko-Wasagu ɗaya bayan ɗaya, Koro da Kimpi da Gaya da Dimi da sauransu. 'Yan sanda suka fara cewa gawa 66, daga baya suka ce 88. Washegari, 4 ga Yuni, gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da Twitter a Najeriya, bayan kamfanin ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari. Ranar 5 ga wata ofishin Ministan Shari'a ya ba da umarnin a gurfanar da duk wanda ya karya dokar dakatarwar. Ministan Shari'ar shi ne Malami, ɗan Birnin Kebbi. Ana tsakar binne mutum 88 a jiharsu, abin da ya fito daga ofishinsa barazana ce ga masu rubutu a waya. Mako biyu bayan haka aka kwashe ɗaliban Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri, wasu 'yan matan ba su dawo gida ba sai a 2023. Twitter ta yi kwana 222 a rufe, kuma a Yulin 2022 kotun ECOWAS ta ce rufewar ta saɓa doka.

Ba Malami kaɗai ba ne, shi dai misalinsa ya fi fitowa fili. Waɗanda ke kare kama ɗan jarida a yau, da yawansu jiya su ne ke kukan an hana su taro. Gwamna Nasir Idris na Kebbi, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malamai ta ƙasa ne, tsohon mataimakin shugaban ƙungiyar ƙwadago. Da yajin aiki da ɗaga murya ya yi suna. In akwai wanda bai kamata a koya wa amfanin ƙorafi ba, shi ne.

Ranar da aka saurari kukan

An taɓa yin lokacin da fushin yankin nan ya yi aiki, kuma bai daɗe ba. Ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da shugaban Nijar, Mohamed Bazoum, a Yamai. ECOWAS, ƙarƙashin jagorancin Tinubu, ta ba su mako guda su mayar da shi ko a shiga da ƙarfin soja. Aka rufe iyaka. Aka yanke wutar lantarki, kuma babban layin da ke kai wuta Yamai daga Birnin Kebbi ya tashi. A lokacin kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa.

A Abuja wannan maganar dimokuraɗiyya ce da martabar ƙungiya. A Kamba da Kangiwa maganar dangi ce. Ɗan Kamba yana da ƙanin uwa a Gaya, Ba'are na Kangiwa yana da surukai a Dogon Dutsi, kuma duk sojan da zai nufi Dosso ta ƙofar gidajensu zai bi. Motocin albasa da hatsi suka yi jerin gwano a bakin iyaka kaya na ruɓewa. Masallatan Juma'a suka ɗauka. Sanatocin Arewa suka fitar da sanarwa suna lissafa jihohi bakwai da ke iyaka da Nijar, Kebbi a ciki, suka ce ba su yarda da yaƙi ba. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta nemi shugaban ƙasa ya bi hanyar sulhu. Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya ga jagoran juyin mulkin, Janar Abdourahamane Tiani, ayarin malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ya bi baya. Ba a yi yaƙin ba. A Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumi, a Maris aka buɗe iyaka ta ɓangaren Najeriya.

Kabawa sun san darajar wannan fiye da kowa. Tun da Birnin Kebbi ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1805, aka yi ta gwabzawa tsakanin Argungu da Gwandu da Sakkwato kusan ƙarni guda, kuma bikin kamun kifin da duniya ta san Argungu da shi ya samo asali ne daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wadda ta rufe babin gabar. Mutanen da kakanninsu suka ga haka ba sai an yi musu wa'azi kan yaƙin maƙwabta ba.

Amma me ya sa aka ji kukan 2023, ba a kama kowa don ya ce kada a yi yaƙi ba? Don a ranar bakin talaka da na sanata da na sarki da na attajirin da tirelolinsa suka maƙale a iyaka duk abu ɗaya suke faɗa. Fushin ya samu masu riƙe masa hannu. Wanda ake kashewa a gonarsa ba shi da wannan gata, mutuwarsa ba ta tsayar da tirelar kowa. Abin takaicin kuma, ita kanta hedikwatar tsaro ta ce lalacewar sintirin haɗin gwiwa da Nijar bayan juyin mulkin ce ta buɗe wa Lakurawa ƙofa. An kauce wa babban yaƙin da manya ke tsoro, ƙaramin da ya biyo baya ya sauka a kan ƙauyukan Augie da Arewa da Dandi.

Tambayar gwamna

Da asubahin Litinin 17 ga Nuwamba, 2025, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Maga a Danko-Wasagu. Suka harbe mataimakin shugaban makarantar, Malam Hassan Yakubu Makuku, suka tafi da ɗalibai 25. Mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya sauka Birnin Kebbi jaje, aka umarci ƙaramin ministan tsaro Bello Matawalle ya tare a jihar.

Sai gwamna da kansa ya fasa ƙwai. Ya ce gwamnatinsa ta samu bayanan sirri cewa za a kai harin, ya kira taron tsaro, aka tura sojoji makarantar. Ya ce sojojin sun janye da ƙarfe uku na dare, da ƙarfe huɗu saura kwata maharan suka iso. Ya nemi a gaya masa wanda ya ba da umarnin janyewar. Hedikwatar tsaro ta ce tana bincike. Ɗaya daga cikin 'yan matan ta kuɓuta tun da wuri, aka sako sauran 24 ranar 25 ga wata, gwamnati ta ce ba a biya kuɗin fansa ba.

Tambayar gwamnan tana kan hanya, kuma ya yi daidai da ya yi ta a bainar jama'a maimakon ya bar ta a ɗakin taro. Zargi ne mai nauyi, ya fi duk abin da yarinyar Sakkwato ko ɗan jaridar Kangiwa suka faɗa nauyi, don kai tsaye ya taɓa rundunar soja a tsakiyar yaƙi. In da ma'aunin da aka auna su da shi za a bi, ana iya kiran wannan tunzura jama'a, ko zubar da mutuncin hukuma. Amma sashe na 308 na tsarin mulki ya ba gwamna rigar kariya. Jaridu suka buga maganarsa a shafin farko, majalisa ta tattauna, aka yaba masa da ƙarfin hali. Babu wanda ya je gidan gwamnati cikin dare ya karɓe masa waya.